Yayanmu ya fara yanka gonar Baba, Hajiya kuma ta ce duk wanda ya kai shi ƙara bata yafe ba

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ɓoye sunana da na garinmu. Mu 'yan wani gari ne a gefen Kano, irin waɗanda birni ya taso ya cim musu. Mahaifinmu ya rasu shekara 9 kenan, iyayensa duk sun riga shi, ya bar Hajiyarmu da amaryarsa da mu 'ya'ya bakwai, maza uku mata huɗu, biyar ɗakinmu, biyu ɗakin amarya (mace da namiji, har yanzu ƙanana ne). Ya bar gidan da muke ciki da babbar gona a bakin titi. Ba a raba gado ba, aka bar komai a hannun babban yayanmu tunda shi ke noma da Baba tun yana yaro. Gaskiya ya yi ƙoƙari, shi ya aurar da mu biyu, shi ke cefane, shi ke kai Hajiya asibiti. Shekara 3 da suka wuce yayana mai bi masa ya rasu ya bar mata da yara biyu mace da namiji, suna gidan iyayenta ko kuɗin makaranta da ƙyar. Amarya ma ta koma gidansu da nata. Kwanaki sai naji Yaya ya kawo masu awo an yanka gonar fuloti 40, ya sayar da huɗu na bakin titi, ya fara gina shaguna a na biyar. Da na tambaye shi sai ya hau faɗa, wai gaban gonar, Baba ne ya bashi shi kyauta, wai ina muke lokacin da yake wahala da mu, wai mace mai aure meye haɗinta da gona. Hajiya ta ce duk wanda ya kai ɗanta ƙara bata yafe ba. Mijina kullum gori, wai an mayar da ni wawuya. 'Yan uwana mata a bayan ido suna zuga ni, a gabansa kowa tayi tsit. Bana barci Anti. In yi shiru in bar wa Allah, ko in nema in zama wadda ta raba gidanmu?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba da yayanki, ya kai haske kabarinsu. Na karanta wasiƙarki har sau uku, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne layin ƙarshe, yadda kika ɗora wa kanki cewa in kin buɗe baki ke ce kika raba gida. Ki sauke wannan kayan tukuna. Gidanku ya soma tsagewa ne tun ranar da aka gama sadakar bakwai kowa ya ji nauyin ya ce a raba, kunya da kara suka rufe bakin kowa har shekara tara, amarya ta kwashe yaranta ta tafi, matar marigayi yayanki ta kwashe nata ta tafi, to wane gida ne ya rage a haɗe da za a ce ke kika raba? Ke dai kin zama wadda ta fara faɗin abin da kowa ke gani.

Bari mu fara da lissafi, domin na lura yawancin rigimar gado tana yin zafi ne saboda kowa yana faɗa akan abin da bai san girmansa ba. Bayan an biya bashin mamaci, an fitar da wasiyya in akwai (ita kuma bata wuce kashi ɗaya cikin uku), aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i sun yanke komai. Matan Baba biyu suna da tumuni, ɗaya bisa takwas, su raba daidai a tsakaninsu, ragowar kuma na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. In muka ɗauka fulotan nan 40 duk kuɗinsu ɗaya ne, to Hajiya biyu da rabi, amarya biyu da rabi, kowane namiji bakwai, kowace mace a cikinku uku da rabi. Auren da kika yi bai rage miki ko taku ɗaya ba, aya ta 7 a wannan surar ta faɗa ƙarara cewa mata suna da rabo cikin abin da iyaye suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, rabo ne yankakke. Sannan yayanku da ya rasu, tunda ya rasu ne bayan Baba, bakwai ɗinsa sun riga sun zama nasa ko da bai taɓa riƙe su ba, yanzu za su gangara ga nasa magadan, Hajiya ta ɗauki sudusi, ɗaya bisa shida, a matsayin uwa, matarsa tumuni, ragowar na yaransa biyu, ku 'yan uwansa baku da komai a ciki tunda ya bar ɗa namiji. Wannan shi malamai ke kira munasaha, gado a cikin gado. Kinga in kika haɗa na yaran amarya da na jikokin nan biyu, fiye da fuloti 15 cikin 40 na yara ne ƙanana waɗanda ba za su iya tsaya wa kansu ba, wasu daga cikinsu ma ana fama da kuɗin makarantarsu alhalin dukiyarsu na kwance a bakin titi. Ba fatawa nake baki ba, dole malamin da ya san ilimin gado ko alƙali ya zauna ya ƙirga magada ɗaya bayan ɗaya, amma ina so ki ga hoton abin.

To a nan ne amsar tambayarki take. In kin ga dama ki yafe uku da rabinki ga Yaya, halak ɗinki ne, kuma Allah zai baki lada. Amma yafiya ta gaskiya sai mutum ya san abin da yake yafewa, an nuna masa an ce ga naki sannan ya ce na bar maka da daɗin rai, domin dukiyar musulmi bata halatta ga wani sai da yardar zuciyarsa, shirun da tsoro ko kunya ya sa aka yi kuwa ba yarda ba ne. Rabon marayu kuma ba ke, ba Hajiya, ba Baffanku, babu mai ikon yafe shi. Aya ta 10 kin san ta, masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu. Hadisi kuma yana nan a Buhari da Muslim, duk wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙasa bakwai. Wallahi in kina son yayanki, shirunki ba gata ba ne a gare shi.

Yanzu shi Yaya. Bana so ki shiga maganar nan kina kallonsa a matsayin ɓarawo, domin daga yadda kika bada labari ban ga haka ba. Mutumin da ya taso a gandu, ya yi huɗa ya yi noma ya yi girbi a gonar nan tun bai kai ya riƙe garma da kyau ba, uba ya faɗi ya ɗauki gida a kansa, kayan ɗakinku da gararku da maganin Hajiya da buhun masara duk a wuyansa, shekara tara babu wanda ya zaunar da shi ya ce sannu, irin wannan mutumin a hankali zuciyarsa ke raya masa cewa gonar nan ai guminsa ce, kuma ranar da ƙanwar da ya aurar ta tambaye shi lissafi sai ya ji kamar an kira shi maci amana a bainar jama'a. Shi ya sa ya hau faɗa. Babban wa magajin uba ne a wajen riƙo da kulawa, wannan gaskiya ne, amma a wajen rabo shi da autan amarya daidai suke, bakwai bakwai. Wahalarsa kuma tana da hanyar da ake bi a duba ta. Abin da ya kashe daga amfanin gonar, to dama kuɗin kowa ne ya kashe akan kowa. Abin da ya ciro daga aljihunsa don Allah, alheri ne ladansa na wajen Allah. In kuma akwai wanda ya kashe da niyyar bashi ne akan gado, sai ya kawo shi a fili da shaida a duba. Ni shawarata ma, ku manyan da kuka mallaki hankalinku ku haɗu ku ce Yaya ga wani abu daga rabonmu mun ƙara maka saboda riƙon da ka yi mana, ko rabin fuloti ne daga kowacce, wannan ba ƙaramin sanyaya masa zuciya zai yi ba, sharaɗin kawai kar a taɓa na yara.

Maganar kyauta kuwa kar ki ce masa ƙarya yake, baki nan, wataƙila Baba ya taɓa furta wani abu makamancin haka suna gona. Sai dai furuci daban, kyautar da ta tabbata daban. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke aiki da ita, kyauta bata cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwar yana raye da lafiyarsa, in har mai kyautar ya rasu ba a karɓa ba to ta koma cikin gado. Noman da yake yi a gonar gaba ɗaya tare da Baba da wuya ya wadatar a matsayin hujja, za a tambaya shin an ware masa gaban gonar an sa iyaka, amfanin wajen shi kaɗai yake ɗauka, su waye suka shaida? Shi mai da'awa shi ke kawo shaidu. In kuma a ciwon ajali Baba ya faɗa, to hukuncin wasiyya ta ɗauka, magaji kuma ba a yi masa wasiyya sai in sauran magada sun amince. Ki tuna kuma da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, da mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ya zo neman Annabi (SAW) ya shaida, aka tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya yi wa haka ya ce a'a, aka ce masa ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. To in Yaya ya kawo shaidunsa abin ya tabbata, ku karɓa ku yi haƙuri ko da zafi. In bai kawo ba shima ya yi haƙuri.

Fulotai huɗun da aka sayar, bana baki shawarar ku tashi neman a rushe ciniki, mutanen da suka saya da kuɗinsu suka saya, kuma shari'a da su sabuwar rigima ce mai cin shekaru. Mafi sauƙi a lissafa su da na shagunan a cikin rabon Yaya. Amma fa da ƙima za a lissafa ba da ƙirga ba, kowa ya san fulotin bakin kwalta ba ɗaya yake da na can ƙuryar gona ba, zai iya yiwuwa biyar ɗin nan sun cinye bakwai ɗinsa har sun haura, in sun haura sai ya cika, ko da kaɗan kaɗan ne daga hayar shagunan. Kuɗin ginin da ya zuba kuma nasa ne a ware masa shi daban a lissafi.

Hajiya ita ce wajen da nake so ki fi taka a hankali. Uwa ce, kalmarta ba abin wasa ba ce, kuma na san ita ce take hana ki barci fiye da fulotan. Amma ki saurari abin da ke ƙarƙashin kalmar. Tsohuwa irin Hajiya abu biyu take tsoro, kar a ce an raba gado a sayar da gida a fitar da ita daga ɗakin da ta yi aure ta haihu ta yi takaba, sannan kar a tsayar da ɗanta na fari gaban alƙali kishiya tana kallo. Ki cire mata waɗannan biyun tun kafin ki ambaci gona. Gida ana iya yi masa kuɗi a bar shi a rabon Hajiya da Yaya da duk wanda zai zauna, sauran a cika musu daga gona, ba sai an sa shi a kasuwa ba. Ki kuma lura cewa ita kotu ta hana, bata ce kar a raba ba, to ki riƙe wannan. Ki same ta ku biyu bayan sallar isha'i ki ce Hajiya ni ba ƙarar Yaya zan kai ba, so nake a sauke wa Baba nauyi kuma a ba 'ya'yan marigayi abinsu tun kina raye da idonki, ki kira mata sunan jikokin nan, ki gaya mata halin da suke ciki. Da wuya kakar da za ta ji an koro jikanta daga makaranta alhalin yana da fili ta ce a ci gaba da shiru. In akwai malamin da take jin maganarsa, na islamiyyarsu ko limamin unguwa, ya zo ya yi mata bayani da kansa, wani lokacin abin da 'ya ta faɗa aka ƙi, in malam ya faɗa sai a karɓa.

Mijinki kuma da ladabi ki roƙe shi ya janye. Ko da niyyarsa mai kyau ce, ranar da Yaya ya ji ƙamshin cewa suruki ne ke turo ki, magana ta lalace, za ta tashi daga haƙƙin marayu ta koma wai mijin wance ya sa ido a gonar surukinsa. Abin da kika gada naki ne ke kaɗai, miji bashi da iko a kansa sai abin da kika bashi da son ranki. 'Yan uwanki mata su ma ki ce musu zugar bayan ido ta isa, duk mai so a raba ta zo ta zauna a gefenki ranar taro, ko bata ce komai ba zamanta ya isa.

Ga yadda nake ganin za ki bi. Kafin komai ki san takardun da ke akwai, takardar cinikin gonar ta asali ko shaidar dagaci ko ta ƙaramar hukuma ko C of O, wato takardar shaidar riƙe fili da gwamnati ke bayarwa, in akwai, da ta gidan, ki ɗauki hotonsu a waya ki ajiye. Sannan ki je wajen Yaya ke kaɗai, a gidansa, ba a waya ba kuma ba a gurup ɗin WhatsApp na dangi ba, ki fara da godiya kina lissafo abin da ya yi miki ɗaya ɗaya, da gaske ba da fatar baki ba, ki nemi afuwa in tambayarki ta farko ta zo masa da kaifi, sannan ki roƙe shi abu ɗaya tak, ya dakatar da sayarwa kuma shi da kansa ya kira taron rabo. Ki bar masa girman, a ce Yaya ne ya tara ƙannensa ya raba musu, ya fi a ce an tilasta shi. In ya ƙi, sai ki je ga Baffanku ko Gwaggo, duk wanda ya rage a dangin Baba da ake jin nauyinsa, su kira zaman, a gayyato malamin gado, a tabbata amarya ta zo da wani namiji daga danginta, matar marigayi ma haka, domin rabon da aka yi a bayan idonsu gobe zai tashi. Baffa ya sanar da mai unguwa da dagaci cewa gonar nan ta magada ce ba a raba ba, tunda yawanci cinikin fili a irin garuruwanku da sa hannunsu ake yi, kuma dillalai da zarar sun ji fili na da magana suna ja baya. A samo mutum biyu ko uku da suka san farashin fili a yankin, waɗanda ba su da la'ada a ciki, su yi wa kowane fuloti kuɗi, inda aka yi kunnen doki a jefa ƙuri'a. A rubuta komai, kowa ya sa hannu da shaidu, a kai kotun shari'ar musulunci ta tabbatar, a kuma bayyana wanda zai riƙe wa yara nasu da sunansu a takarda. Ki gane wa Hajiya cewa zuwa kotu don tabbatar da sulhu ba ƙara ba ce, mutane da yawa ma da kansu suke zuwa su ce alƙali ya raba musu ba tare da faɗa da kowa ba.

Wani abu da ake mantawa, tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama da amfani ne, shi ya sa takarda ke da muhimmanci. In awon igiya aka yi wa gonar ba tare da tsarin hukuma ba, ku nemi safiyo mai lasisi ya duba, ku tambaya a hukumar bayanan filaye ta KANGIS da hukumar tsara birni ta KNUPDA ko wajen ya faɗa cikin wani shiri na gwamnati, kar kowa ya karɓi rabonsa ya gina daga baya a ce kan hanya ne. Bayan rabo kuma ki yi wa naki takarda da sunanki, ki kewaye shi ko da da turaku ne, kar ki sake barinsa amana a baki kawai.

In duk an bi wannan Yaya ya toshe kunne ya ci gaba da sayarwa, akwai sauran matakai kafin sammaci, Hisbah na zaman sulhu akan irin wannan, fadar hakimi ma haka. In nan ma abin ya faskara to kotun shari'a ce, ita ke da hurumin gadon musulmi, tana iya dakatar da ciniki har a gama, kuma wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara. Ba lallai sunanki ne zai hau takardar ba, amarya da matar marigayi kowacce na da cikakken haƙƙin nema wa 'ya'yanta, ke ma kina iya wakilta wani, in kuɗin lauya ya gagara akwai ofishin Legal Aid mai taimaka wa marasa hali da lauya, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Amma bazan ɓoye miki ba, shari'a na cin kuɗi da lokaci, kuma 'yan uwan da suka yi musayar rantsuwa gaban alƙali sukan daɗe basu haɗa kwano ba, shi ya sa na ajiye ta a ƙarshe. Kafin nan dan Allah kar ki sa hannu ko dangwala yatsa a wata takarda da baki karanta ba, kar ki karɓi wani ɗan kuɗi da za a miƙo miki a ce ki sa albarka ba tare da an faɗi na meye ba, kar ki sayar wa dillali rabonki tun ba a ware ba, kar ki kai maganar Facebook, 'yan sanda kuma ba aikinsu ba ne rabon gado sai dai in an kai ga barazana ko duka.

A satin nan tun kafin ki je wajen Yaya, ki shirya ki kai wa amaryar Baba ziyara da ɗan abin hannu, ki leƙa matar marigayi ki ga yaran da idonki, ba don ki haɗa runduna ba, ki je a matsayin yayarsu kuma gwaggonsu da ta daɗe bata zo ba, ki ji me suke so, wataƙila ita amarya kuɗi ta fi buƙata ba fili ba, wataƙila matar marigayi so take a sayar da ɗaya a biya makaranta a bar sauran har yara su girma. Da wannan za ki shiga ɗakin Hajiya. Ki sake rubuto min bayan kun zauna da Yaya, ki gaya min abin da ya ce akan shaidun kyautar da kuma ko ya yarda ya dakatar da ciniki, daga nan sai mu san wanda za a fara kira tsakanin Baffa da malam.